Mashin ɗin da Buhu Bai Hau Ba

Shekarar da aka koma mulkin farar hula, ko wadda ta biyo bayanta, mashinan China suka fara cika mana gari. Kafin nan masu mashin a Bukkuyum sanannu ne, da jin ƙarar inji an san wanda ke tafe. Da na China suka zo da araha sai kowa ya miƙe, manomi ya sayar da sa, mai tireda ya rage kaya. Ni ma na sayi nawa, ja, da abin da na tara a fataucin ƙwan zabbi.

Sana'ata ke nan tun ina saurayi. Da damina ta kankama zabbin Fulani suke fara zuba ƙwai, ni kuma in bi rugagen da ke wajen Gwashi in tara, in kai kasuwar Gummi, wani lokaci Anka. Ƙwan zabbi iri biyu ne a wurin mai saye. Akwai na ci, wanda masu shayi da masu dafawa suke kwasa. Wannan in dai bai fashe ba, bai lalace ba, ya wuce. Akwai kuma na kwanci, wanda matan gari suke saya su sa wa kaza, domin zabuwa ba ta iya zaman kwanci a gida ba, kaza ce take ƙyanƙyashe mata 'ya'ya ta kuma rene su. Na kwanci shi ne mai daraja, kuma a kansa sunan ɗan kasuwa yake rataye. Mace ba ta mance wanda ya sa kazarta ta yi wata guda a kan ƙwai ta tashi a banza.

Daminar farko da mashin na ji daɗinta. Tafiyar da jakina yake wuni yana yi, kafin hantsi na gama ta. Ƙwan zabbi ɓawonsa da tauri, in an shimfiɗa ƙaiƙayi a kwando da wuya ka ga fasasshe. Na ɗauka na rabu da wahala.

Bayan wata guda maganganu suka fara dawowa. Wata dattijuwa a Gummi, wadda ta daɗe tana sayen na kwanci a hannuna, ta zo da kwano a rufe ta ajiye a gabana cikin kasuwa, ta ɗaga murfin. Baragurbi ne, ƙwan da kaza ta gama kwanci a kai bai ƙyanƙyashe ba. Warin ya watsa mutanen da ke tsaye. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi in riƙe kayana. A Anka ma haka aka yi. Kafin kaka an raɗa wa kayana suna, ƙwan mashin, kuma kowa ya yarda ƙwan mashin ba ya ƙyanƙyasa. Mata suka koma wa masu jakai. Aka bar ni da masu shayi, su kuwa sun san ba ni da wani wurin kaiwa, yadda suka ga dama suke tayawa.

Da ruwa ya sake sauka na koma rugar da na fi samun kaya, can bayan Gwashi. Akwai wata tsohuwa da take tara mini ƙwan matan rugar. Goggo nake ce mata, ita kuma Kaɗo take ce mini, kamar yadda Fulani suke kiran Bahaushe in suna jin tsokana. Ranar ba ta fito da ƙwarya ba. Ƙwai ɗaya ta ɗauko, ta yi ta girgiza shi da ƙarfi a gaban fuskata, sannan ta fasa a ƙoƙo. Gwaiduwar ta dame da farin.

"Kaɗo, abin da ƙarhenka ke yi ma ƙwaina ke nan," in ji ta. "Ɗa na ciki, kai kana tankaɗe shi awa gari. Zabbina lahiya lau suke. Sunan rugarmu ka ɓata a kassuwa."

Na ce, "Goggo, ko ɗaya ba ya fashewa."

"To ka ci su. Na kwanci dai, in bana ma haka ta, kada ka dawo."

Ina ɗaure kwandona wofi sai ga surukanta sun fito za su kai nono gari. Na tsaya ina kallon ƙoren da ke kansu. Suna tsallake kunyoyin gona, suna gangarawa rafi suna haurawa, ƙwarya ba ta ko motsi. Gwiwa da ƙugu ne suke shanye hanyar, abin da ya isa ka kaɗan ne. A hanyar komawa na saurari abin da bayan mashin ɗina yake yi. Kowane dutse taya ta taka sai na ji shi a haƙorana.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wajenmu lokacin, duk wanda ya sayi sabon mashin, kafin ya kai shi gida sai ya biya wurin bakanike an yi masa ɗaurin baya. Shokozoba su ne ƙarafan nan biyu masu sifirin da suke riƙe da tayar baya. A gindin kowanne akwai zobe mai hawa-hawa, in an murza shi sifirin ya ƙara tauri. Bakanike zai murza har hawan ƙarshe, ya yanko tsohuwar taya ya cusa a tsakanin zagayen sifirin, mai hali ma a yi masa waldar ƙarin shokozoba biyu a jikin kariya, ƙarfen ɗaure kaya na baya. Gwajin kuwa, a kira ƙattai biyu su hau. In bayan bai nutsa ba sai a ce mashin ya zama namiji. Ba wauta ba ce, mutanenmu buhu suke ɗauka, da itace, da tumaki. Ni ma ranar da na sayi nawa haka aka yi mini, ban tambayi kowa dalili ba.

A gida kuma Yaya ya gama yanke shawara. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, yana da rumfar hatsi a kasuwa, kuma kullum bayan magariba a akushi ɗaya muke cin tuwo a zaure. Nan ya tare ni.

"Ka saida ƙarhen nan ka dawo rumfa," in ji shi. "Awon gero ba ya baragurbi."

Na ce, "Yaya, a ba ni wagga damina."

"An ba ka bara. Mi munka gani?"

Zama a rumfar Yaya ba abin kunya ba ne, amma na san kaina. In na shiga da tiya a hannu, ni da fataucin kaina har abada, sai dai in tsufa ina jiran ya ce auna ko bari. Inna, mahaifiyarmu, ta kawo mana ruwa ta ji ƙarshen maganar. Ta ce baƙar kazarta tana kan yin ƙwai, in ta gama za ta nemi kwanci. In kawo nawa daga Gwashi a kan mashin ta sa mata.

"In sun hito, ka ƙyale shi da sana'atai," ta ce da Yaya. Ta juyo gare ni. "In ba su hito ba, kai ma ka san hanyar rumfa."

Yaya ya ce ya yarda. Ni ma na ce na yarda. Abin da ya rage mini shi ne kwanakin da kazar za ta yi kafin ta kwanta.

Bakaniken da ya yi mini ɗaurin baya taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifinmu, yana aiki a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro kusa da tasha. Tsakanina da shi ba a gaisuwa sai da tsiya. Tun daga nesa ya hango ni.

"Sarkin Baragurbi, an zo a ƙara ɗaurewa?"

"An zo a kwance, ɗan gwaggo."

"A kwance mi?"

"Duk tsummokaran da ka cusa."

Ya ajiye sifana ya dubi 'yan kabu-kabun da ke zaune a benci. "Ku ji bawana. Mutane na kawo mashin in maishe shi namiji, shi ya kawo in maishe shi katifa."

Aka yi dariya, amma ya kwance. Ya zare robobin, ya sassauta zoben. Na hau na zagaya tasha, sai abin ya fi da muni. Bayan mashin ɗin ya riƙa tsalle kamar ɗan akuya, rami ɗaya sai ya yi ta lilo har in kai na gaba. Taubashina ya tsuguna ya shafa jikin shokozoban ya nuna mini yatsansa. A cikin sifirin akwai bututu mai mai, shi yake riƙe sifirin ya hana shi dawowa da ƙarfi. Nawa man ya tsiyaye tun bara, ɗaurin ne ya ɓoye abin. Sababbin da ake sayarwa a kasuwa ma, ya ce, damina ɗaya suke yi a hanyarmu.

"To wane iri ne mai laushi kuma mai riƙo?"

Ya yi kamar bai ji ba, sai da ya gama goge hannu. Sannan ya ce bai taɓa ganin irinsa ba sai a dogayen mashinan Japan ɗin nan da aka taɓa raba wa malaman gona, masu shiga daji. Ya san guda a Anka, a zauren wani tsohon malamin gona, injin ya daɗe da mutuwa.

Na tafi Anka. Mashin ɗin yana jingine a zaure, ƙura ta rufe shi, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Na danna bayansa da hannu, ya nutsa a hankali ya taso a hankali, ya tsaya. Tsohon ya ce ba na sayarwa ba ne, wata rana zai tayar da injin. Ban ja da shi ba. Na lura abin da ba ya so shi ne ya ga mashin ɗinsa a durƙushe ba ƙafafu. Duk ranar kasuwa sai in biya in gaishe shi in ajiye masa ƙwan ci. Da na ga fuska sai na ce masa ba zan bar masa gurbi ba, zan ɗaura masa nawa na China a wurin, mashin ɗinsa ya ci gaba da tsayuwa yadda ya saba. Sai ya ce in zo da sifanata.

Da na kai wa taubashina sai aiki ya tashi. Na malamin gonan sun fi nawa tsawo. Da muka gwada ɗaurawa a inda tsofaffin suke, bayan mashin ya ɗaga sama, kaca ta ɗaure tamau, jakin tsayawa ya daina kaiwa ƙasa. Dole mai walda ya kafa sababbin kunnuwa a jikin firam, sama kaɗan, aka canja robobin idon ƙusa da suka cinye, aka sake daidaita kaca yadda za ta sami sararin motsi in taya ta nutsa. Man da ke cikinsu ya zama baƙi kamar kwalli. Taubashina ya huda ɗan rami a jikin kowane bututu, ya tsiyaye tsohon, ya ɗura sabo, ya toshe da ƙusa mai zare.

"To, a kira ƙattai su gwada?" in ji shi.

Na ce a'a, ni da kwano zan gwada.

Na cika kwandona da yashi daidai nauyin ƙwan da nake ɗauka, na kafa kwanon sha a kai, na cika shi da ruwa har baki. Akwai wata gargada a bakin gari ta hanyar Gwashi, inda ruwa ya zaizaye hanya ta yi kunya-kunya, daga nan a gangara wani rafi. In bi ta in dawo, mu duba ruwan da ya rage. 'Yan kabu-kabu suka sami abin kallo. Duk wucewata sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Mai ruwa, kawo jarka guda." Wani ya ce mai ƙwai ya koma ga-ruwa. Ni dai kwanona nake kallo.

Mun sha fama. Da farko baƙin man inji muka ɗura, ya yi kauri, shokozoban ya riƙa jinkiri, ƙananan duwatsu suna wucewa kai tsaye zuwa kwano. Muka zubar muka sa man keken ɗinki, ya yi ruwa-ruwa, lilo ya dawo. Wani direban mota da ke jiran gyara ya ce mu gwada jan man nan na sitiyari. Shi ya zauna daidai. Sai zoben. A hawan ƙasa gargada ba ta jin komai, amma da na faɗa rafi sai bayan ya nutse gaba ɗaya, taya ta daki madigadi, ruwan ya yi sama. Muka ƙara hawa. Wata rana mashin ya riƙa ja gefe ɗaya, ashe zoben hagu ya fi na dama ɗauri. Na rage iskar tayar baya kaɗan. Na ɗauke kwando daga kan kariya, inda kowa yake ɗaure kaya, na matso da shi kan kujerar fasinja har yana taɓa bayana, domin can ƙarshen kariya nan girgiza ta fi yawa.

Taubashina bai daina cewa aikin banza muke yi ba, amma na lura ya fara barin mashinan mutane yana tsayawa a bakin hanya yana jiran dawowata. Shi yake fara leƙa kwanon. Ranar da na dawo ruwan bai ragu ba sai ɗan abin da ya jiƙa yashin, ya tsoma yatsa ya auna, ya dube ni.

"Tsayawa ka yi a rafi ka ƙara ruwa."

"Hau mu tafi tare."

"In hau in ɓata ɗaurin? Allah ya sawwaƙe." Ya ɗauki ƙusa ya yi alama a jikin zoben biyu. "Nan za su zauna. Kowa ya taɓa, ba ruwana."

Bai daɗe ba baƙar kazar Inna ta fara zama a akurki tana hura gashi. Da sassafe na tafi ruga. Goggo ta zagaya mashin ɗin, ta danna bayansa da tafin hannu kamar mai taya saniya.

"Kaɗo, ka yi mai gwiwa."

Ita da kanta ta zaɓo ƙwan da aka tsinto a kwanakin, ta jera su cikin ƙaiƙayi, tsini a ƙasa. Na taho a hankali, amma ban yi tafiyar jaki ba, don in sai na yi tafiyar jaki to mashin ba shi da amfani. Inna ta bar su suka huta zuwa washegari, sannan ta zura wa kazar.

Ana cikin kwancin nan takin zamani ya iso gari. An yi ruwa mai kyau, gonar Yaya tana da nisa, kuma taki in ba a zuba shi a kan laima ba an yi asara. Na fito da hantsi na tarar da shi a zaure da igiya, ya jingine buhu biyu a jikin bango, yana kwance kwandona daga kan mashin. A gidanmu, da ma duk gidajen da na sani, wa ba ya roƙon ƙane aron abu. Ɗauka yake yi, in ya dawo ya ce an gode ko kada ya ce.

Na san abin da buhu biyu na taki za su yi wa tsofaffin bututun nan a hanyar gonarsa. Za su fasa bakin, man ya tsiyaye, kuma babu wasu irinsu daga nan har Gummi. Ko da kazar Inna ta ƙyanƙyashe, na ci magana na rasa abin ɗauko ƙwai.

Na ce, "Yaya, buhu ba ya hawa mashin ɗin nan."

Bai ɗago ba. "Miƙo min bakin igiyar."

"Ba ya hawa, Yaya."

Sai ya miƙe tsaye. "In ya yi laushi, a kai ma ɗan gwaggo shi ɗaure. In na dawo ku kwance abinku."

"Ba a ɗaure shi, ba a kwance shi. In taki ne, yanzu in kira mai amalanken shanu, ni zan sallame shi."

"Ni kake kira ma amalanke, ga mashin cikin gidanmu?"

Na zare makullin na sa a aljihu. Ya daɗe yana kallona. Mutumin nan shi ya yi mini kaciya, shi ya yi mini aure, ban taɓa ce masa a'a ba ko a kan ƙaramin abu. Ya naɗe igiyarsa ya fita. Na je na kira mai amalanken duk da haka, Yaya ya mayar da shi daga ƙofar gida, ya ɗauki ɗan kabu-kabu ya kai takinsa.

Da magariba aka kawo tuwo a kwano biyu. Nasa aka kai masa ɗaki, nawa aka ajiye a zaure. Tun ina yaro ban taɓa cin tuwon dare ni kaɗai ba sai ranar. Inna ta leƙo.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na sani, Inna."

"Za ka ba shi haƙuri?"

"Haƙuri zan ba shi ko yanzu. Makulli ne ba zan ba shi ba."

Ta ce, "Kazata dai tana kwance." Ta koma ciki.

Na ba shi haƙurin washegari a ƙofar masallaci. Ya ce ya ji, ya wuce. Magana ta zagaya gari, an ce na hana wana mashin saboda ƙwai. Dattawan da nake gaisarwa suka riƙa amsawa a taƙaice. Taubashina ma ya ce Gwaggo, mahaifiyarsa, ta aiko a gaya mini in ji tsoron Allah.

"Kai mi ka ce mata?"

"Na ce mata ai bawana bai da hankali tun asali." Ya duba alamar da ya yi a zoben. "Amma da ka bari an ɗora takin nan, da ni da kai mun raba hanya."

Na ci gaba da kai wa masu shayi ƙwan ci, ina dawowa ina cin tuwona ni kaɗai. Ƙwan zabbi ya fi na kaza daɗewa kafin ya fashe, saboda haka da lokacin da kazar ta saba ya wuce sai ta fara gajiya, tana fitowa tana daɗewa a waje. Inna ta kifa mata kwando a bakin akurki, tana kai mata ruwa da tsaki har inda take. Ban taɓa tambayarta yaya ake ciki ba, ita ma ba ta ce mini komai ba. Yaya kuwa ya sa an share wani gefe na rumfarsa, an ajiye tabarma da tiya. Da na wuce ta kasuwa na gani, na gane tawa ce.

Wata safiya na dawo daga masallaci na ji Inna tana kiran sunana daga bayan ɗaki, a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri. Ta ɗaga kwandon. Kazar ta buɗe fukafukai tana gargaɗi, ga kawuna suna leƙowa ta ƙarƙashinta, masu zane-zane a ka, ƙafafu jajaye. Wasu ba su gama bushewa ba. 'Yan kaɗan ne ba su fashe ba, irin abin da ko ƙwan da aka ɗauko a ka yakan bari.

Na ce zan ɗauki kazar da 'ya'yan in kai kasuwar Gummi mutane su gani da idonsu.

"'Yan zabbina ba su zuwa kassuwa," in ji Inna. "Ka bar min wannan."

Ba ta aika wa Yaya ba, ba ta kira kowa ba. Da suka yi ƙwari sai ta buɗe akurki da hantsi, lokacin da yake zaune a zaure yana shirin fita. Kazar ta ratsa tsakar gida da ayarinta, ta bi ta gaban ƙafafunsa ta fita ƙofar gida. Ya bi su da kallo har suka ɓace, ya sa takalmi ya tafi rumfa. A makon aka yi suna a unguwarmu, Inna ta je, kuma abin da aka faɗa a gidan suna ba ya kwana a gari ɗaya. Kasuwar Gummi ta gaba sai ga dattijuwar nan da kwanonta, shi dai wancan. Ta ajiye a gabana ta ɗaga murfin, ƙaiƙayi ne a ciki.

"Zaɓo min masu kyau," in ji ta. "In sun yi wari ka san ina da murfi."

Kwano biyu dai aka ci gaba da kawowa a gida har aka fara cin sabon gero. Ban je na roƙa a haɗa ba. Sai wata magariba na shigo zaure na tarar da akushin nan a ajiye, Yaya yana zaune a gabansa ya wanke hannu bai fara ba. Na wanke nawa na zauna. Muka yi nisa da ci.

Can ya ce, "Kazar ɗakina ta fara ƙwai."

Na ce, "Zan kawo na kwanci."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗebi miya, ya kalli mashin ɗin da ke jingine a gefen zaure.

"Akwai gero da za a kai ma Gwaggo gobe. Buhu guda na, ba biyu ba."

"Ko rabin buhu, Yaya."

Ya tsayar da lomarsa ya dube ni. Na dube shi. Sai ya kai ta baki, ya tauna, ya haɗiye.

"To ka biya ka gaya ma mai amalanke shi zo da wuri," in ji shi.

Da safe na biya na gaya masa. Na duba alamar zoben biyu, na matso da kwandona har ya taɓa bayana, na kama hanyar Gwashi.